Man gyaɗa, manja ko man shanu: wanne ne ke cin mu a garin nan na Kano?

Maman_Ihsan:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina da tambaya kuma ina so wanda ya sani ya amsa min ba hasashe ba. Maigidana ya je an auna jininsa saboda hawan jinin da ke damunsa, sakamako ya fito wai kitsen jininsa ya yi yawa, likita ya ce a rage masa mai da soye-soye. Toh ni matsalata bansan wane man zan rage ba, don a kicin ɗina akwai man galan na suya, akwai manja na miya, akwai man shanu da ake zubawa a tuwo, sannan shi baya cin garau-garau sai ya ga mai ya kwanta a ƙasan kwano. Da na faɗa wa Hajiyarsa sai ta ce duk sharrin man galan ne, su da man shanu da kitse aka raine su kuma mahaifinta ya haura 90 yana zuwa gona. Wai maganarta haka take? In koma man shanu da man ƙuli in bar na kanti ko ya zan yi?

Baban_Walid:
Wa alaikumussalam. Ni dai ina bayan Hajiya. Duk wannan hawan jini da ciwon suga sai da man galan da sinadarin ɗanɗano suka shigo gidajenmu muka fara jin sunansu. Ki koma na gargajiya ki huta.

Ummu_Hanan_Dorayi:
Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa. Nima abin ya daɗe yana min yawo a kai, bari in gyara zama.

Ɗan_Galadima:
Maman Ihsan bari in faɗi abin da na sani ta ɓangaren kasuwa don sana'ata kenan, mai nake sayarwa tun ina yaron shago. Abin da yawancin mutanen garin nan ke saye a kwalba ko a jarka suna cewa man gyaɗa, wallahi babu gyaɗa ko ƙwaya ɗaya a ciki. Manja ne aka kai kamfani aka tace shi, aka cire jan da warin, aka raba mai ruwan da mai kaurin, to mai ruwan shi ne wannan garai-garai ɗin da kike suya da shi. Shi ya sa da sanyi ya kama wajen Disamba da Janairu zaki ga ya yi barci a jarka sai an fitar da shi rana ko an ajiye gefen murhu. Asalin man gyaɗa kuwa kina buɗe murfi ƙamshin ƙuli zai buge ki, launinsa ya fi duhu, kuma in baki soya shi da albasa kin kashe gafin ba haka zai yi ta kumfa a kasko har ya nemi zubowa. Akwai na waken suya ma yanzu da yawa, shi baya barci. Wasu kuma haɗawa suke, su ɗan zuba na gyaɗa don ƙamshi su ce miki zalla ne. Ban ce kowa ba.

Ummu_Hanan_Dorayi:
Ikon Allah, wato masu cika baki suna cewa su basa cin manja su ma shi suke soya dankali da shi kenan 😂

Anti_Nas_Zee:
Sannunku da hira. Ni ma'aikaciyar jinya ce ba likitar zuciya ba, amma maganar nan kullum muna yinta da masu zuwa awon jini. Maman Ihsan abin da likita ke nufi da kitsen jini shi ne kolestirol, musamman wanda zaki ga an rubuta LDL a takardar, shi ne yake taruwa a jikin hanyoyin jini a hankali har su ƙuntata, daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi ɗaga shi a abinci shi ne kitse mai daskarewa, kuma kowane mai yana da shi sai dai wani ya fi wani. Man shanu ya haura kashi 60 cikin 100, manja da kitsen saniya wajen rabi, man galan ɗin da Ɗan Galadima ya faɗa ƙasa da rabi kaɗan, asalin man gyaɗa bai kai kashi 20 ba, na waken suya da na riɗi da zaitun duk wajen 15. Man kwakwa da ake ta tallansa a intanet shi ya fi kowa, ya wuce 80. Kinga kenan in kika ɗauke galan kika kawo man shanu an gudu ba a tsira ba, ƙara masa ma kika yi. Man ƙuli kam ya fi masa na galan, a nan Hajiya ta yi daidai. Sannan hukumar lafiya ta duniya ta ce duk man da mutum zai ci a rana kada ya wuce kashi 30 na ƙarfin abincinsa, mai daskarewan kuma ƙasa da kashi 10.

Baban_Walid:
Anti Nas da girmanki, to kakanninmu fa? Hukumar lafiya ce ta raine su?

Kawu_Fagge:
Baban Walid ɗana, ni na ga zamanin da kake magana a kai da idona, na ga dalar gyaɗa a tsaye a garin nan kafin ta ɓace, don haka bari in gaya maka yadda ake cin man. Man shanu a ɗan ƙoƙo yake zuwa daga hannun matan Fulani, a soya shi da albasa a juye a kwalba, in an kwashe tuwo uwar gida ta ɗiga cokali ɗaya a kan miyar kuka, kuma akushi guda ne mutum biyar ko shida suka sa hannu. Nama sai ranar suna ko biki ko Sallah. Da safe koko ko ɗumame, da rana fura. Sannan mutum ya taka daga Fagge zuwa Kurmi ya dawo, ko ya tuƙa keke har Kumbotso bai ji komai ba. Yanzu fa? ƙosai da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, awara da la'asar, tsire da daddare, kuma ko ɗaurin aure a bayan layi sai an hau babur. Sannan kada a ce da ba a ciwon, ana yi, suna ne babu. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki a ce iska ce ta buge shi, hannu da ƙafa su shanye a yi ta hayaƙi. Wanda ya kai 90 shi ake tunawa, sa'o'insa da suka tafi suna 50 ba mai lissafa su.

Baban_Walid:
Allah ya ƙara girma Kawu. Na ji, amma dai har yanzu ban yarda abin da aka dafa a injin da sinadari ya kai wanda mace ta matsa da hannunta ba.

Ɗalibin_BUK:
Kawu ya tuna min, abin takaici ne wlh. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 gyaɗa ta zama arzikin garin nan, su Alhassan Ɗantata suka shahara da ita, ana tara buhuna ana turawa Legas zuwa Turai. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, ga kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, shikenan. Manjan ma da Najeriya ke kan gaba a duniya a farkon shekarun 1960 yanzu Indunisiya da Malesiya ne ke riƙe da shi har mu muna saye a wajensu. Wato garin dalar gyaɗa yana suya da man wasu.

Hajjo_Gwammaja:
Kun fara tarihi kun bar baiwar Allah da tambayarta. Ni dai wanda nake saye an rubuta a jikin galan ɗin babu kolestirol, har da hoton zuciya, shi nake ba kowa shawara.

Anti_Nas_Zee:
Hajjo wannan rubutun talla ne kawai. Duk man da ya fito daga tsiro babu kolestirol a cikinsa dama, ko manja ko man kaɗe ko man kwakwa, a jikin dabba kaɗai ake samunsa. Amma hantar mutum ita ke ƙera mafi yawan wanda ke jininsa, kuma kitse mai daskarewa ne ke sa ya taru. Ki juya galan ɗin ki karanta ƙananan rubutun da ke baya ki ga da me aka yi shi.

Hajjo_Gwammaja:
Na duba yanzu, na waken suya ne. Na tsira kenan?

Anti_Nas_Zee:
Yana cikin masu dama-dama, in dai ba kwarara shi kike ba.

Sadiq_Mai_Adaidaita:
Ni fa duk wannan na masu cin abinci a gida ne. Mu da muke fita tun asuba sai goma na dare bamu san wane mai muke ci ba. Ka tsaya wajen mai shayi ya kwarara mai a kasko ya fasa ƙwai ya juye kan indomi, in ka gama har yatsunka na sheƙi. Da yamma ka sayi awara ko doya, man da ake soyawa baƙi ƙirin kamar wanda muke juyewa daga injin adaidaita, kuma kullum kaskon nan na kan wuta ban taɓa ganin ranar da aka zubar ba. Shi wannan fa Anti Nas?

Iya_Mai_Ƙosai_Kurna:
Sadiq yaro, a yi mana adalci dai. Ni da ƙosai da fanke nake ciyar da marayu, in na ce kullum zan zubar da mai in sa sabo to ƙosan da kake saye ɗaya sai ya koma kuɗin uku kuma kai ne zaka fara wuce ni ka tafi gaba. Amma ba kowa ce ke barin mai ya yi baƙi ba. Ni in na tashi sai in bar shi ya huce, in tace da rariya da farin ƙyalle, duk ɓurɓushin ƙullun da ya ƙone ya zauna a ƙyallen, don su ne ke ɓata shi da wuri, in rufe a roba, da safe in ƙara sabo a kai. Kuma bana barin wuta ta yi yawa har ya dinga hayaƙi, itace biyu nake janyewa da zarar ya yi zafi. Ranar da na ga ya fara kauri yana yauƙi a ludayi, ko ƙosai na fitowa da duhu alhali cikinsa bai nuna ba, to ya gama aiki, sai hura wuta. Waɗanda ke ɓata mana suna su ne masu sayen ragowar man da aka gama soya kaji da kifi a manyan gidajen abinci don arha, na sha gani ana kawo shi a jarka, zaki ji ƙarni tun kafin a buɗe.

Sadiq_Mai_Adaidaita:
Allah ya huci zuciyarki Iya, ba da ke nake ba. Gobe ma ina nan tafe 😁

Anti_Nas_Zee:
Iya abin da kike yi shi ne daidai gwargwadon hali, sai dai ƙara sabo a kan tsoho baya wanke tsohon, jinkirta lalacewar kawai yake. Mai in ana ta maimaita masa wuta yana haɗuwa da iska da ruwan ƙullu sai ya rikiɗe, wasu abubuwa su fito a cikinsa masu illa ga hanyoyin jini, kuma alamun su ne waɗanda kika lissafa, duhu da kauri da kumfa da saurin hayaƙi. Abin da zai ba ku mamaki, man galan na manja ya fi na waken suya jure doguwar suya, shi ya sa masana'antu ke son sa. Sadiq ita indomin kanta an soya ta a mai tun a kamfani don ta bushe, wato kafin mai shayi ya ɗora nasa akwai wani a ciki. Ka ce masa ya rage man ƙwan, ko a dafa maka ƙwan kawai.

Abu_Sadiq_Sharada:
Akwai wanda ba a ambata ba kuma shi ya fi duka muni, tirans fat. Ina aiki a masana'antar kayan fulawa shi ya sa na ɗan sani. Mai ne mai ruwa ake busa masa iskar haidirojin har ya ɗan daskare ya zama kamar bota, don ya daɗe bai yi wari ba, sai a sa a biskit da kek da cincin da fanken kanti da irin su. Shi yana ɗaga mugun kolestirol kuma ya sauke mai kyan, duka biyu. Denmak ce ta fara taka masa birki a 2003, hukumar lafiya ta duniya ta fito da shirin kawar da shi a 2018, mu kuma NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta yi doka a 2022 cewa kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Manyan kamfanoni ana iya binsu, amma botar da ake ɗiba daga bokiti a ƙulla a leda ba suna ba lamba, wa zai auna ta? Matan da ke cincin da kek na biki su fi kula da wannan.

Maman_Twins_Hotoro:
Ni kek nake yi na sayarwa kuma gsky wanda ya fi arha nake nema, don masu oda basa son jin an ƙara ko sisi. Amma daga yau zan dinga sayen mai rufi da lambar NAFDAC ko riba ta ragu.

Malam_Gwale:
Jama'a kada a manta da man zaitun, ya zo a hadisi cewa a ci shi a kuma shafa shi domin daga bishiya mai albarka yake. Sannan an koya mana a raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi. Da muna bin wannan da rabin maganar nan bata taso ba.

Ummu_Hanan_Dorayi:
Allah ya gafarta Malam gaskiya ne, amma gidan mutum goma a yi miya da zaitun ai sai a sayar da gidan. 'Yar ƙaramar kwalbar ma ta tofi muke ajiyewa.

Ɗan_Galadima:
Kuma shi ma zaitun ɗin ba duka ne zaitun ba, in kika ga arharsa ta yi yawa ki tambayi kanki.

Maman_Ihsan:
Na gode sosai jama'a Allah ya saka da alheri, ina ta karantawa. Abin da na fahimta man ƙuli ko na waken suya ya fi masa, man shanu a ja baya da shi. Amma yawan fa? Don ni bana aunawa, daga jarka nake tuttulawa har sai idona ya gamsu. Mu bakwai ne da yara, lita 5 tana mana sati biyu, banda manja.

Ɗalibin_BUK:
Anti bari in buga miki lissafi. Lita 5 ta kai wajen giram 4,500, a raba kwana 14 a raba mutum 7, kowa ya tashi da wajen giram 46 a rana, wato ya haura babban cokali 3 tunda cokali ɗaya wajen giram 14 ne. Shi kuma babban mutum mai cin kalori 2,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin abinci), kashi 30 ɗin da Anti Nas ta faɗa ya kama giram 67 ne gaba ɗaya, don kowane giram na mai kalori 9 ne, na sitacin shinkafa da furotin ɗin nama kuwa 4. Kinga jarka kaɗai ta cinye kashi biyu cikin uku, ba a zo kan manja ba, ba a zo kan man shanu da kitsen nama da madarar shayi da gyaɗar miyar taushe ba. Kuma yara basa cin rabon babansu, kwanonsa ya fi na kowa mai, don haka nasa ya wuce 46 nesa.

Maman_Ihsan:
Innalillahi. Kuma a unguwarmu ni ake cewa mai maƙon mai.

Hajjo_Gwammaja:
Ai matsalar kenan, in miya bata yi iyo da mai ba sai dangin miji su ce baki iya girki ba ko kina ɓoye kuɗin cefane. Ranar suna ko biki kuwa in ba a ga jan mai ya taso saman miya ya rufe ta ba sai an yi da ke har shekara. Ni da na fara kwashe man saman miya da ludayi ina ajiyewa don girkin gobe, kishiyata cewa ta yi talauci ne ya kama ni.

Baban_Walid:
Ni fa abinci ba mai bana iya haɗiye shi, a faɗi gaskiya. Ɗan wake ba mai ai horo ne.

Yaya_Bilki_Tarauni:
Ba cewa aka yi a daina ba Baban Walid. Maman Ihsan ga abin da ya yi min aiki da mahaifinmu bayan an ce masa haka. Na daina kai jarka gaban murhu, na samu ƙaramar kwalba ina cikawa, cokali nake sa wa tukunya, kuma ban rage lokaci ɗaya ba don da ya gane, kaɗan-kaɗan na dinga ja har bakinsa ya saba. Garau-garau ni nake zuba masa man da kaina in juya, in cika masa da salak da tumatir da albasa da kokwamba, sai ya zama baya neman ƙari. Ƙosai ya koma alala yawancin ranaku, kifi da kaza gashi ko farfesu, fatar kaza a cire, naman miya a yanke farin kitsen kafin a ɗora. Farfesun kan saniya ko ƙafa in ya huce zaki ga kitsen ya daskare a sama fari, ki yaye shi ki zubar kafin ki ɗumama. Sai zogale da rama da kwaɗo da ƙuli kaɗan. Man shanu ban hana shi ba don rigima zata zama, ƙaramin cokali ranar Juma'a.

Anti_Nas_Zee:
Yaya Bilki ta gama magana. In ƙara da kifi irin sardin da taitus, man da ke jikinsu mai amfani ne ga zuciya, in dai ba a nutsar da su a kasko ba. Amma dan Allah kada a haɗa da ƙananan yara a wannan ragin, musamman 'yan ƙasa da shekara 2, su suna buƙatar mai don girma da ƙwaƙwalwa, kuma bitamin A da D da E da K basa shiga jiki sai da mai. A asibiti muna ganin duka biyun a gida ɗaya, uba da tumbi da hawan jini, yaro kuma ya rame da kunu tsararo. Shi irin wannan yaron cokalin manja ko gyaɗa a kununsa magani ne.

Maman_Twins_Hotoro:
To Anti manja mai kyau ne ko mara kyau? Kin sa shi a masu daskarewa yanzu kuma kin ce magani ne.

Anti_Nas_Zee:
Duka biyu, ya danganta da wa zai ci da kuma nawa. Jan da kike gani shi ne abin da jiki ke mayarwa bitamin A. In kika ɗora shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari kamar yadda ake yi kafin a soya miya, kin ƙone amfanin kin bar kitsen. Ki narkar da shi kawai ki zuba albasa. Man galan kuma doka ta sa a ƙara masa bitamin A, shi ne alamar ido da kike gani a jiki, amma wanda aka juye a kwalba aka jera a rana bakin titi hasken na cinye shi.

Ummu_Hanan_Dorayi:
Manjan ma yanzu sai addu'a. Na taɓa sayen wani ja jawur mai kyau a ido, da na yi miya robar da na zuba har yau bata wanku ba, harshen yara duk ya rine.

Ɗan_Galadima:
Wannan kala aka zuba masa Hajiya, irin rinin da ake kira Sudan, na masana'anta ne ba na ci ba, NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Manja na ƙwarai da ke zuwa mana daga kudu, irin su Edo da Akwa Ibom da Imo, ba ja jawur yake ba, yana da ɗan ruwan lemo, in ya kwana zaki ga mai kauri a ƙasa mai ruwa a sama, kuma ki ɗanɗana a harshe kada ya yi kaifi ko ya kama maƙogwaro. Ki riƙe mutum ɗaya da kika yarda da shi ki daina bin arha.

Kawu_Fagge:
Tunda ana ta yabon man ƙuli, ni ma in sa baki. Da can mata zaɓar gyaɗa suke a faifai ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a jefar. Yanzu na ga ana kai buhu injin yadda yake.

Ɗalibin_BUK:
Kawu wannan babbar magana ce, fumfunar gyaɗa tana fitar da guba da ake kira afulatoksin mai lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma suya bata kashe ta. Ta fi zama a tunkuza da ƙulin kansa, amma man da ba a tace ba yana iya ɗaukar wani abu, na kamfani kuma tacewar na cire kusan duka. @Baban_Walid kaga injin ma yana da ranarsa.

Baban_Walid:
Kai ɗalibi ka cika kawo tsoro. Ni a gidanmu ake matsa mana kuma mun san gyaɗar da muka kai.

Yaya_Bilki_Tarauni:
In haka ne ai kai ka more. Sauran mu ne sai bincike.

Sadiq_Mai_Adaidaita:
Maman Ihsan kada ki ce na tona asirin maza, amma ki binciki abin da Yaya ke ci a waje. Ki auna cokali a gida shi kuma bayan isha'i yana majalisa an baje balangu a takarda, ana cewa mai nama ya ƙara kitse, ga gurasa an yarfa mata mai, a kora da lemon kwalba. Ni nake sauke irinsu kullum.

Hajjo_Gwammaja:
Faɗi ka ƙara Sadiq! Sai su dawo gida su ce a ƙoshe suke, mu ɗauka rowa ce ta ciki ashe an riga an cika shi.

Baban_Walid:
Sadiq an ci amanar ƙungiya 😂 Amma tsire ai gashi ne ba suya ba, Anti Nas ki raba mu.

Anti_Nas_Zee:
Gashi ne, amma ka kalli tsinken, tsoka ɗaya kitse ɗaya ake jerawa, a birkiɗa a ƙuli, a yayyafa mai ana gasawa. Ka ce a zaɓa maka tsoka, kuma ba kullum ba. Sannan Maman Ihsan in likita ya rubuta masa maganin kolestirol ya sha, kada a ce an gyara girki a ajiye magani, wasu nasu na gado ne ko me suka daina ci sai da magani. Gishiri da dunƙule ma a duba saboda hawan jinin.

Maman_Ihsan:
An rubuta masa kuma yana sha. Maganar majalisa kuwa Sadiq kamar ka san shi. Abin da ke gabana yanzu Hajiya ce, don duk zuwanta da kwalbar man shanu take zuwa ta zuba masa da hannunta, ni kuma bazan iya cewa ta bari ba.

Kawu_Fagge:
Ba ke zaki faɗa ba 'yata, shi zai faɗa wa mahaifiyarsa, ko ya tafi da ita ranar komawa asibiti ta ji daga bakin likita.

Maman_Twins_Hotoro:
Ni tambayata ta Sallah babba ce, naman layya da muke soyawa a cikin kitsensa mu ajiye wata da watanni, sannan a tara kakiɗen a roba ana zuba wa wake da shinkafa. In an ce a bari ya za a adana naman, da wannan wutar da ba a kawowa?

Yaya_Bilki_Tarauni:
Mu rabi muke yanyanawa a shanya a igiya ya bushe, rabi a yi dambu a matse shi sosai, soyayyen kuma a tsane a kwando kada a bar shi ya kwana a cikin man. Kakiɗen dai har yau ana faɗa a kansa a gidanmu, Inna bata yarda a zubar.

Iya_Mai_Ƙosai_Kurna:
A zubar da kakiɗe? A kawo min.

Baban_Walid:
Yauwa Iya, mu biyu kenan. Ɗan Galadima nawa jarkar asalin na gyaɗa yanzu, wanda ba a haɗa ba?

Ɗan_Galadima:
Farashi baya kwana yanzu Alhaji, in na faɗa yau gobe ka ce na yi ƙarya. Ka bari sabuwar gyaɗa ta shigo Dawanau bayan kaka, lokacin yake ɗan sauka, kuma ka zo da jarkarka.